Idan fentazosin, allurar kashe zafi mai ƙarfi, yana ɓacewa a ɗakin marasa lafiya, me ya kamata shugabar ɗaki ta fara yi?

Ɗalibar jinya:
Assalamu alaikum. Ta yaya ake gane nas ta kamu da allurar kashe zafi, kuma daga ina ake fara gyara?

Sista mai kula da ɗakin tiyata:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Rajistar magunguna ce ke fara tona asiri, tun kafin jikin mutum ya nuna. A duk miƙa aiki, mutum biyu su ƙirga kwalaben da ke kabad, su sa hannu tare. Sai a duba: an rubuta an yi wa majinyaci fentazosin 30mg, amma bayan awa ɗaya yana ta kukan ciwo kamar ba a yi masa komai ba. Ko kullum kwalba ta fashe a hannun mutum ɗaya, babu shaida. Ko an rubuta rabin kwalba, ba wanda ya ga zubar da sauran. Irin wannan nas takan so riƙe makullin kabad, ta yawaita karɓar aikin dare. Alama ɗaya ba hujja ba ce, sai an tara.

Malamin harhaɗa magunguna:
Haka ne, Sista. A jiki kuma, ƙwayar ido na tsukewa, ga gyangyaɗi a bakin aiki. In an kwana ba a samu ba sai hamma, majina, gumi da gudawa. Fentazosin yana taurara naman cinya da damtse, har gyambo ya fito, shi ya sa za ka ga doguwar riga ko ana zafi. Wasu kuwa tiramol suke faɗa wa. Iyakarsa 400mg a rana, wuce haka na iya jawo farfaɗiya.

Likitan ƙwaƙwalwa:
A karɓe makullin daga hannun nas ɗin a ranar, a ɗauke ta daga kan majinyata. A yi magana da ita a keɓe, mutum biyu, da rajistar a gaba, ba a tsakiyar ɗaki ba. Kada a ce mata "ki daina kawai", musamman in tana haɗawa da diyazefam, maganin kwantar da hankali, don yanke diyazefam farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage shi sannu a hankali. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri suna karɓar irin wannan. In an same ta a sume, numfashi ya yi ƙasa, a buɗe hanyar iska, a ba ta naloksun, allurar da ke karya ƙarfin irin wannan magani.