Me ya sa giraf ɗin (x − 3)² yake matsawa dama alhali alamar ragewa ce?

Tambaya

Assalamu alaikum, malamai. Ina bitar darasin sauya giraf, kuma na fahimci cewa idan aka ɗauki y = x² aka ƙara masa 3 ya zama y = x² + 3, farabolar, wato lanƙwasasshen zanen nan mai siffar U, gaba ɗayanta tana hawa sama da taki uku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne y = (x − 3)², domin littafi ya ce tana matsawa dama ne, alhali ni hankalina yana ba ni cewa ragewa ta hagu take nufi. Shin doka ce da za a haddace kawai, ko akwai dalili?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai dalili, kuma ba ya bukatar hadda. Ka sa ido a kan gindin farabolar, wato inda y take sifili. A y = x² gindin yana kan x = 0, amma a y = (x − 3)² sai x ta kai 3 kafin abin da ke cikin baka ya zama sifili, saboda haka gindin ya koma can. Gwada da biro: sa x = 4, za ka sami 1, wato amsar da x = 1 take bayarwa a da. Kowace amsa sai an ƙara tafiya taki uku kafin a iske ta.

Amsa ta biyu

Bayanin malam ya wadatar, sai dai in ƙara da cewa duk abin da aka yi wa x a cikin baka haka yake zuwa a juye. Igiyar sin x, wato giraf ɗin nan mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, tana maimaita kanta bayan 2π, amma ta sin 2x tana maimaitawa bayan π, wato ninkawa da biyu ya matse ta ne, bai shimfiɗa ta ba. Inda na fi ganin ɗalibai suna faɗuwa shi ne irin f(2x − 6), wato kowane lissafi f da aka sa masa 2x − 6 a madadin x, inda suke gaggawar cewa an matsa da 6, alhali idan aka fitar da 2 aka rubuta f(2(x − 3)), za a ga matsawar ta 3 ce kacal.

Amsa ta uku

A ganina miƙaƙƙen layi ne yake fara ruɗa mutane, domin a y = x − 3 matsawa dama da saukowa ƙasa zane ɗaya suke bayarwa, don haka ba a lura da bambancin sai an zo kan farabola. Akwai makamancin wannan a y = 2ˣ: matsar da shi hagu da taki ɗaya daidai yake da ninka tsayinsa sau biyu, tunda 2ˣ⁺¹ ba komai ba ne illa 2 sau 2ˣ.

Mai tambaya

Na gode, malamai. Na gwada y = (x + 2)² da hanyar neman gindin, na kuwa same shi a kan x = −2.