Don Allah a ba ni shawara: in riƙe kyamarata FM2 ko in yi musaya da F100?

Nura: Assalamu alaikum. Na rasa tudun dafawa. Kyamarar Nikon FM2 ce a hannuna, ta kawuna ce, ya bar mini ita da jakarta da lensi 50mm f/1.8 (lambar f ɗin girman buɗin lensi ce, in ta yi ƙasa buɗin ya fi faɗi), kuma ya ce kada in kuskura in bari ta fita daga gida. Na ɗauki fim uku da ita, kowanne mai hoto 36, yawanci na yara suna wasa. Da aka wanko, waɗanda suka fito tas ba su wuce goma sha biyar ba, sauran duk dishi-dishi. Yanzu wani abokina ya ce in ba shi ita ya ba ni Nikon F100, mai saita hoto da kanta ya fito tas, ba ciko. Ranar Juma'a yake jiran amsa. Tun da ya faɗa ban yi barcin kirki ba. Wacce ta fi?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Kada ka soma. FM2 tun 1982 take, kuma duk aikinta sifirin ne da giya. Batir biyu LR44 da ke cikinta mitar haske kaɗai suke ci, ko ka cire su shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga fim, za ta buga daga daƙiƙa ɗaya har 1/4000 na daƙiƙa. Idan giris ɗinta ya bushe, mai gyara ya kwance, ya wanke, ya zuba sabo, ta dawo. F100 kuwa ranar da fanel ɗinta na lantarki ya mutu sai dai a nemo wata matacciya a ciro. Sannan 'yan haƙoran da ke kama murfin bayanta roba ne, suna karyewa, robar jikinta kuma tana yin danƙo in ta tsufa.

Hadiza: Malam, ba ɗorewa ya tambaya ba, hotuna ne ba sa fita. Yaro mai gudu da lensi a buɗe f/1.8, daga nisan mita biyu, wurin da zai fito tas bai kai santimita ashirin ba. Kafin ka gama murza zobe ya fice daga ciki. F100 ta 1999 ce, tana da wuraren saiti biyar, ka sa ta a C ta riƙa bin yaron muddin yatsanka na kan maɓalli. Batir AA huɗu take ci, ba wahalar samu. Abin lura ɗaya: tana ɗaukar hoto huɗu da rabi a daƙiƙa, in ka danne ka manta, cikin daƙiƙa takwas fim ya ƙare.

Usta Garba: Ɗan'uwa, ba ka gaya mana irin dishi-dishin ba, alhali iri uku ne. Ɗauko nagatif ka duba da gilashin ƙara girma. In komai ya goge har da bango, hannunka ne ya motsa, shata ta yi jinkiri. In bango ya fito tas, yaron ya ja kamar hayaƙi, motsinsa ne, 1/500 kake buƙata ba 1/60 ba. In kuwa abin da ke bayan yaron ko gabansa ne ya fito sosai, saiti ne ya kauce. Na ukun nan shi ake gwadawa. Kafa kyamarar a kan mai ƙafa uku, jingina rula a karkace nisan mita ɗaya, buɗe f/1.8, saita a kan lamba 15, ɗauki uku kana sake saitin kowane karo. In duka ukun sun faɗa kan lamba ɗaya da ba 15 ba, gilashin saiti bai zauna daidai ba ko madubi ya goce, gyara ne. In kowanne ya faɗa wani wuri daban, idonka ne.

Nura: Usta, ni dai na san ba hannuna ba ne, na iya riƙe kyamara. Gudun shata ban rubuta ba, ina dai juyawa har alamar o ta mitar haske ta kama. Ina sa tabarau, amma cirewa nake in zan ɗauka, don da shi ba na ganin gefen hoto.

Usta Garba: To ai ka ɓoye babbar magana. Tagar leƙen FM2 ba ta da abin daidaita ido, sai dai ka sayi ɗan gilashin da ake ɗaura mata gwargwadon lambar idonka. F100 tana da shi a jiki, daga -3 zuwa +1, kuma mai tabarau yana ganin hoton duka.

Malam Sabo: Gilashi ɗaya ya warware wannan. Kuma wa ya ce a ɗauki yara a f/1.8? Sa fim ISO 400, wato mai saurin kama haske, rufe zuwa f/8, saita a mita uku tun kafin su zo. Daga kusan mita biyu da rabi zuwa huɗu duk zai fito. Da rana shata za ta kai 1/1000 ko fiye. Haka aka ɗauki wasanni kafin Minolta 7000 ta zo da saitin otomatik a 1985. Mutanen yanzu so suke inji ya yi musu tunani.

Bashir: Ni abin da ke ba ni haushi, duk kyamarar da aka ga mai jikin ƙarfe sai a ce ba ta buƙatar batir. Canon AE-1 in babu batirinta na volt shida ko ƙas ba za ta ce ba. Olympus OM-1 kuma mitarta batirin makuri mai 1.35 aka yi wa, an daina yin sa, ka sa mai 1.5 ta riƙa yi maka ƙarya.

Hadiza: f/8 a cikin ɗaki da yamma, Malam? Da ISO 400 shata za ta sauko 1/8 ko ƙasa. Nura, duba jikin lensin naka. In an rubuta AF ko AF-D, zai saita kansa a kan F100. In AI ko AI-S ne, zai hau, amma da hannu za ka ci gaba da murzawa, sai dai wani ɗigo ya kama a taga in ka dace. Kuma in ka riƙe FM2, kada ka sayo mata lensi mai G, ba shi da zoben buɗi.

Malam Sabo: A ganina, in babu lensi mai AF za a ba shi F100 ɗin, ba za ta ƙara masa komai ba.

Nura: Babu AF a jiki, kuma abokin nawa jiki kaɗai zai ba ni. Gwajin rula kuwa ba zan samu wanko fim kafin Juma'a ba. Amma ni har yanzu ina ganin lensin ne, don akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikinsa in na haska tocila. Wannan zai iya jawo haka?