Wanda ya canka daidai, sani ya yi ko dace?

Ɗan Mile 12:
Salam 'yan uwa, don Allah a raba mana gardama. Wani abokin kasuwancina ya ce mana tumatir zai yi tsada washegari, wai direban da ya saba ba shi labari ya kira shi ya ce motoci sun maƙale wajen Jebba, to gari na wayewa kuwa kaya ya tashi, amma ashe motocin sun iso lafiya lau, lodin ne aka yi kaɗan don ruwa ya ɓata gonaki can gida. Yanzu sai cewa yake ai dama ya sani. Ni na ce dace ya yi. Wa ke da gaskiya?

'Yar Akoka:
Yaya wallahi ka taɓo babbar magana. Tun zamanin Aflaton, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, ake jan zancen nan, har aka fi tsayawa kan cewa sani sai abu uku sun haɗu, ka yarda da abu, abin ya zama gaskiya, kuma kana da hujja. Sai a 1963 wani Ba'amurke Edmund Gettier ya rubuta 'yar maƙala shafi 3 kacal ya nuna ukun za su iya haɗuwa amma babu sani. Abokinka ya yarda, maganar ta tabbata, yana da hujja tunda direban ba baƙonsa ba ne, amma hujjar tasa ba ita ta haɗa shi da gaskiyar ba, hanyarsu daban. Ni ina bayanka.

Malam Agege:
Malamanmu sun raba zato da yaƙini tun tuni. Imam Ghazali da ya rasu a 1111 har idonsa ya tuhuma, ya ce kana kallon inuwa kamar a tsaye take alhali tafiya take a hankali, tauraro kuma ka gan shi kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Ido ma ke nan, balle wayar mutum ɗaya. Labarin mutum ɗaya zato mai rinjaye yake bayarwa, ba kamar labarin da jama'a masu yawa suka kawo ta yadda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba.

Baban Idi-Araba:
Allah gafarta Malam na ji, amma in aka tsananta haka ai babu ɗan kasuwar da ya san komai a Legas ɗin nan. Farashin Kano, yanayin hanya, ko ranar haihuwata ma ji na yi daga bakin iyaye, ban gani ba, kuma ba wanda zai ce min ban sani ba.

'Yar Akoka:
Baba ba a ce ji ba ya zama sani ba, yana zama mana, in mai faɗar abin dogaro ne kuma abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da ya faru. Iyayenka suna wurin. Direban nan kuwa labarin da ya bayar bai faru ba, da ruwa bai ɓata gonaki ba da tumatir ya yi arha a ranar.