Gida na biyu a ƙasar waje: me ya kamata iyali su fara dubawa?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Iyalinmu muna shawarar sayen gida a ƙasar waje, wanda za a riƙa sauka lokacin hutun yara da lokacin da iyayenmu za su je ganin likita, nan gaba kuma wataƙila manyan yaran su zauna ciki idan sun shiga jami'a. Ƙasashen da ake ta ambata su ne Dubai, Turkiyya, Sifaniya da Ingila. Kowa da inda ya fi karkata, kuma dillalai kowa nasa yake yabo. Masana, da me ake farawa? Kuma ina aka fi yin asara?

Lauya Sambo:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kalli hoton gida ko ɗaya, a fara amsa wannan: wa zai zauna a ciki, kwana nawa a shekara, kuma da wace takarda zai shiga ƙasar? A yawancin ƙasashe mallakar gida daban, izinin zama daban. Mutum zai iya riƙe makullin gidansa a Landan a kuma hana shi biza, babu wanda ya karya doka.

Ingila ba ta ba da izinin zama don an sayi gida, bizar masu zuba jari ma an rufe ta tun Fabrairun 2022. Sifaniya ta daɗe tana ba da izinin zama ga wanda ya sayi gidan yuro 500,000, amma ta soke tsarin a Afrilun 2025. Fotugal ta cire sayen gida daga nata tsarin a Oktoban 2023. Girka tana nan tana bayarwa, sai dai a 2024 ta ɗaga kuɗin zuwa yuro 800,000 a yankin Atina da Tasalonika da manyan tsibirai, 400,000 a sauran wurare. Duk tallar da kuka gani tana alƙawarin izinin zama a Turai, ku duba shekarar da aka rubuta ta.

Idan babu izinin zama, to a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya irin su Sifaniya, Fotugal da Girka, kwana 90 ne kawai cikin kowane kwana 180, kuma ƙidayar tana bin mutum a baya ne, ba ta sabuntuwa da shigowar sabuwar shekara. Wanda ya shiga ranar 1 ga Yuni ya zauna har 29 ga Agusta ya cinye rabonsa, ba zai sake shiga ba sai ƙarshen Nuwamba. Ga hutun yara wannan ya isa. Ga dattijon da likita ya ce ya dawo bayan mako shida, bai isa ba.

Dubai da Turkiyya su ne suka haɗa gida da takarda kai tsaye. A Dubai gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana ba da damar neman izinin zama na shekara 10, kuma baƙo yana mallaka ne a unguwannin da aka ware tun 2002, ba ko'ina ba. A Turkiyya gidan dala 200,000 yana ba da damar neman izinin zama, na dala 400,000 kuma damar neman zama ɗan ƙasa, da sharaɗin ba za a sayar ba sai bayan shekara 3. Amma a lura da abu biyu. Ba kowane fasfo ne aka yarda ya sayi gida a Turkiyya ba, akwai jerin ƙasashe, a duba shi tun farko. Sannan tun 2022 an rufe unguwanni fiye da 1,000 ga sabuwar rajistar baƙi saboda yawan baƙin da ke cikinsu, ke nan za a iya sayen gida a unguwar da ba za a ba mutum izinin zama da adireshinta ba.

Abin da iyalai suka fi mantawa shi ne wa takardar ta ɗauka. A Turkiyya zama ɗan ƙasa ta wannan hanya yana ɗaukar mata da yaran da ba su kai 18 ba, babban ɗa sai ya nemi nasa. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya sani cewa dokar Tarayyar Turai ba ta yarda a kawo wata matar ba idan akwai ɗaya tare da mijin a can. Tunda kun ambaci iyaye, ku tambaya a rubuce ko suna ciki.

Hajiya Mai Lissafi:

Lauya ya gama maganar takarda. Ni ta kuɗi zan yi, domin farashin da dillali ya faɗa ba shi ne abin da zai fita daga aljihu ba.

Ɗauki gidan fam 500,000 a Ingila. Harajin saye na yau da kullum fam 15,000 ne. Amma wanda yake da wani gida a ko'ina cikin duniya ana ƙara masa kashi 5 cikin ɗari na dukan farashin, wanda ba mazaunin ƙasar ba kuma a sake ƙara masa kashi 2. Wannan ƙarin kaɗai fam 35,000 ne. Jimla 50,000, wato kashi 10 na kuɗin gidan ya tafi kafin a biya lauya ko a sayi labule. Daga Afrilun 2025 kuma an ba ƙananan hukumomin Ingila damar ninka harajin shekara a kan gidan da ba shi ne mazaunin kowa na dindindin ba. A Dubai kuɗin rajista kashi 4 ne, dillali yawanci kashi 2. A Turkiyya kuɗin canja takardar mallaka kashi 4 ne. A Sifaniya harajin sayen tsohon gida ya danganta da yanki, daga kashi 6 zuwa 10 ko fiye, sabon gida kuma kashi 10.

Sai kuɗin da ba ya yankewa. Fulat a dogon bene yana da kuɗin hidima na shekara, na lif da gadi da shara da gyaran gini, kuma ana biya ko an kwana a gidan ko ba a kwana ba. A Dubai da girman fulat ake lissafa shi, kuma gini mai wurin ninƙaya da ɗakin motsa jiki ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kada a karɓi adadi da baki. A nemi takardun shekara uku da suka wuce, a ga yadda yake hawa, a kuma tambayi nawa ke cikin asusun manyan gyare-gyare. Idan asusun babu komai kuma rufin ya tsufa, masu gida ne za a raba wa kuɗin. Sifaniya ma tana karɓar haraji a kan gidan baƙo ko da a rufe yake, tana ƙiyasta masa kuɗin shiga, kuma sai mutum ya cike takardar da kansa duk shekara, ba wanda zai tuna masa.

A tara duka kuɗin shekara, a raba da yawan kwanakin da za a yi a gidan da gaske. Idan abin da ya fito ya fi kuɗin hayar gida mai kaya a wannan unguwar, to haya ta fi. A ganina iyalin da ba za su wuce mako shida a shekara ba, da wuya saye ya fi musu.

Kuɗin ƙasar ma abin dubawa ne. Dirhami a ɗaure yake da dala a kan 3.6725, saboda haka mai gida a Dubai kamar mai ajiyar dala ne. Lirar Turkiyya kuwa ta yi asarar kusan rabin darajarta a 2021 kaɗai, ta kuma ci gaba da faɗuwa. Gida zai iya yin tsada da lira amma idan aka mayar da kuɗin dala a tarar ba a ci komai ba.

Wanda ya ce zai ba da haya idan ba ya nan, ya binciki dokar garin. A Landan ba a ba da gida gaba ɗaya hayar 'yan kwanaki fiye da dare 90 a shekara sai da izini. Basalona ta sanar za ta kawo ƙarshen lasisin irin wannan haya a 2028. Idan kuma aka sa ɗan haya na shekara, to ba gidan hutu ba ne kuma, ba za a fitar da shi don yara sun samu hutu ba.

Injiniya Garba:

Ƙari a kan ginin kansa. Gidan da ake rufewa wata takwas ya fi wanda ake zaune a ciki saurin lalacewa, kuma kowane yanayi da irin ɓarnarsa.

A ƙasar sanyi ruwan da ya rage a bututu yana daskarewa, ya kumbura, ya fasa bututun. Ba a gane ba sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki, silin ya rufto a kan na ƙasa. Maganinsa a rufe babban famfo a tsiyaye bututun, ko a bar na'urar ɗumama gida tana aiki kaɗan-kaɗan. A gaɓar tekun Fasha kuwa, inda Dubai take, laima ce matsalar. Idan aka kashe na'urar sanyi gaba ɗaya da bazara, za a dawo a tarar da fumfuna baƙi-ƙirin a bayan kabad, takalman fata sun yi fari, katifa tana wari. Ruwan da ke zama a lanƙwasar bututun banɗaki shi ke tare warin masai, idan ya ƙafe wari da kyankyasai su shigo. Dole a samu wanda zai riƙa shiga duk mako biyu ya buɗe famfuna ya duba silin. A karanta takardar inshora da kyau, domin da yawa suna janye kariya idan gida ya wuce kwana 30 ko 60 babu kowa, sai an sayi ta musamman.

Game da Turkiyya, bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 babu dalilin sayen gida ba tare da sanin shekarar gini ba. An ƙara tsaurara ƙa'idar gini bayan girgizar 1999, aka sake sabunta ta a 2018. Inshorar girgizar ƙasa wajibi ce, amma tana da iyakar abin da take biya. A nemi takardar da ke nuna hukuma ta amince a zauna a ginin, wadda suke kira iskan. Ginin da ba shi da ita yana nufin ko ba a gama shi bisa zane ba, ko akwai abin da aka ƙara ba da izini ba.

Gidan da ake sayarwa tun yana zane ya fi arha, haɗarinsa kuma ya fi yawa. A Dubai doka tun 2007 ta wajabta a zuba kuɗin masu saye a asusun amana na wannan aikin. Duk wanda ya ce a tura kuɗi wani asusu dabam, a tsaya nan. A Ingila kuma yawancin fulat ba mallaka ce ta har abada ba, haya ce ta dogon zango, shekara 99 ko 125 ko fiye. Idan shekarun da suka rage sun yi ƙasa da 80, sabuntawa tana tsada, bankuna suna ja da baya, mai saye na gaba ya yi wuyar samu.

Don dattawa, a auna tafiyar tun daga ƙofa zuwa ƙofa: jirgi kai tsaye ne ko sai an sauya, minti nawa zuwa asibiti, akwai lif ko matakala ce. A je a zauna a unguwar a lokacin da yanayinta ya fi muni, Dubai a watan Agusta, Ingila a Janairu, kafin a sa hannu.

Baban Ummi:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Lauya, saura abu ɗaya: da sunan wa ya fi dacewa a rubuta gidan? Wasu sun ce a sa sunan babban ɗa don a huta da maganar gado.

Lauya Sambo:

Malam, kada a yi haka da gaggawa. Wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai gida a idon kotun can, ko da kowa a iyali ya san amana ce. Idan ya ci bashi, ko aurensa ya mutu, ko ya riga iyayensa rasuwa, gidan zai shiga lissafin dukiyarsa, 'yan'uwansa kuma ba su da hujja sai in an rubuta amanar a gaban lauya tun ranar saye.

Gida yawanci dokar ƙasar da yake cikinta yake bi wajen gado da haraji. Birtaniya tana karɓar kashi 40 na abin da ya haura fam 325,000 a kan gidan da ke ƙasarta, ko mamacin bai taɓa zama a can ba. A Ingila idan miji da mata suka yi rajistar haɗaka irin wadda mai rai ke ɗaukar duka, to wasiyya ba ta taɓa gidan. Wanda yake son a raba bisa shari'ar Musulunci sai ya zaɓi rajistar da ke fayyace kason kowa, ya kuma rubuta wasiyya da ta cika sharuɗɗan can. In babu wasiyya, dokar Ingila ce za ta raba, kuma rabonta ya sha bamban. A Sifaniya da Girka akwai dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agustan 2015, wadda ta ba mutum damar zaɓar dokar ƙasarsa ta asali a cikin wasiyya, amma wannan bai ɗauke harajin gado ba.

Lauyan da zai yi wannan aikin ya zama naku, ku kuka nemo shi, ku ke biyansa, ba wanda dillali ko kamfanin gini ya kawo ba. Idan za a ba wani takardar wakilci, a taƙaita ta ga wannan gidan kaɗai, a sa mata ranar ƙarewa, kada ta ƙunshi ikon sayarwa ko jingina. Ku kuma tanadi takardun da ke nuna asalin kuɗin, na banki da na haraji da na cinikin da ya samar da su, domin banki da lauya a duk ƙasashen nan huɗu za su nema kafin su karɓi ko sisi, kuma idan aka biya kafin alƙalami takardun suka maƙale, kuɗin kan iya salwanta.