"Naka sai naka": ta dace da darasin Kirsimeti?

Malamar Lahadi:
Salama gare ku 'yan'uwa. An ba ni darasin matasa kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum, kuma ina so in buɗe da "Naka sai naka, daɗin zama sai bare." Hujjata tana Littafin Firistoci sura 25: idan talauci ya sa Ba'isra'ile ya sayar da gonarsa, ko ya sayar da kansa ga baƙo, dangi na kusa ne ke da hakkin fansa, wato ɗan'uwa ko baffa ko ɗan baffa. Ibraniyawa 2:14 kuma ta ce tun da 'ya'yan nama da jini ne, shi ma Yesu ya ɗauki nama da jini. Iyayena, karin maganar za ta iya ɗaukar wannan kaya?

Baba Dattijo:
'Yata, za ta ɗauka. A ƙauyenmu na ga gonar marayu ta daɗe a jingina. Abokan hirar mahaifinsu, waɗanda kullum suna tabarma ɗaya, babu wanda ya ce uffan. Baffansu da ko gaisuwar kirki ba sa yi da shi, shi ya kai bijimin nomansa kasuwa, ya ƙirga kuɗin a gaban mai unguwa, ya karɓo gonar. Abin da karin maganar ke faɗi ke nan: ranar wuya jini ne ke tashi. Haka Bo'aza, dangin marigayi mijin Na'omi, ya yi wa Na'omi da surukarta Rut a ƙofar garin Baitalami, gaban dattawa goma, a Littafin Rut sura 4. Ubangiji bai aiko da kuɗin fansa daga nesa ba. Ya shigo cikin dangi, har Ibraniyawa 2:11 ta ce ba ya jin kunyar kiranmu 'yan'uwa.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba, a gafarce ni, amma a Rut sura 4 ɗin nan akwai wanda ya fi Bo'aza kusa. Da ya ji gonar tana tafe da auren Rut, sai ya ce zai ɓata nasa gādon, ya tuɓe takalmi ya miƙa, alamar ya bar wa Bo'aza hakkin fansar. Naka ne fa, kuma ya zame. Zabura 49:7 ta ƙara tsananta maganar, ta ce ba mai iya fansar ɗan'uwansa a wurin Allah, kuɗin ran ya fi ƙarfin mutum. Da zumunci kaɗai ke ceto, da Musa ko Dawuda sun wadatar. A Ishaya 43:11 Ubangiji ya ce ban da shi babu mai ceto. Tsorona shi ne matasa su fita da Yesu ɗan'uwa, su manta Yesu Allah. Shi ya sa taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Kalsidon a shekara ta 451 ya riƙe biyun tare, Allah na gaskiya kuma mutum na gaskiya. Karin maganar rabi ɗaya ta kama.

Baba Dattijo:
Ɗana, wace karin magana ce ta taɓa kama abu duka? Rabin da ta kama shi ne matasa suka fi mantawa. Yawancinsu sun yarda shi Allah ne, amma ba su yarda ya ji yunwa ya gaji kamar su ba.

Mama Zumunta:
Ni damuwata daban ce, Malama. Ki lura da inda ake jin maganar nan a bakin mutane. Ranar rabon aiki, ranar da yarinya ta kawo saurayi daga wata ƙabila, ranar zaɓen dattawan ikkilisiya ma, nan ake cewa naka sai naka. Da ita ake rufe ƙofa. Rut kuwa 'yar Mowab ce, bare ta ƙarshe, ga Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana Mowabawa shiga taron jama'ar Ubangiji. Amma ita ta haifi Obida kakan Dawuda, kuma sunanta na nan a Matiyu 1:5 cikin asalin Almasihu. Mu ma Romawa 5:10 ta ce muna maƙiya aka sulhunta mu. Ina jin zafin a ɗauki maganar da aka kori 'ya'yan mutane da ita a ɗora wa wanda ya mutu saboda bare.

Ɗan Kwaya:
Mama, to ai kun bar wutsiyar maganar. "Daɗin zama sai bare." Yahaya 1:11 ta ce ya zo wurin nasa, nasa ba su karɓe shi ba. A Markus 3:21 danginsa sun fito su kama shi, wai ya zautu. A Nazarat, Luka 4, har bakin dutse suka kai shi za su jefa. Masu karɓar haraji da matar Samariya su suka ji daɗin zama da shi.

Mama Zumunta:
Ɗana, wannan ya ƙara mini ƙarfi ne. Nasa sun ƙi shi, bare sun karɓa, shi kuma ya mai da su 'ya'yan gida.

Malamar Lahadi:
Na gode iyayena. Zan rubuta karin maganar a allo, in tambaye su inda suka saba jin ta, don su faɗi abin da Mama ta faɗa da bakinsu. Daga nan mu karanta Rut 4, Zabura 49 da Ibraniyawa 2 a jere. Ɗan'uwa ɗalibi, ka turo mini bayanin Kalsidon a Hausar da ɗan shekara 15 zai gane kafin Asabar.