Zama a Unguwar Rimi GRA da aiki a Abuja: zai yiwu kuwa?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. An mayar da ni aiki Abuja, amma iyali sun fi son Kaduna saboda makarantar yara da 'yan'uwa. Dillali ya nuna mani wani tsohon gida a Unguwar Rimi GRA, mai fili babba da bishiyoyin mangwaro da ɗakunan baya guda biyu, mai shi na son sayarwa ko ya ba da haya. Ina son jin ta bakin waɗanda suka san unguwar: zuwa aiki ta jirgin ƙasa kullum zai ɗore? Kuma me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗi?

Ma'aikaci mai bin jirgi:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kullum dai ba zai ɗore ba, ka cire wannan a lissafi. Layin dogon da aka buɗe a 2016 kilomita 186 ne daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, tafiyar awa biyu da ɗoriya idan komai ya tafi daidai. To amma Unguwar Rimi tana gabashin gari wajen kogi, Rigasa kuma tana can yamma, sai ka ratsa gari ka tsallaka titin baifas. Da asuba abin da sauƙi, da yamma kuwa cunkoso zai iya cinye maka kusan awa guda. Ƙara da lokacin tantancewa a tasha, sannan daga Idu zuwa ofis. Zuwa da dawowa ka doshi awa bakwai a hanya.

Abin da jama'a ke yi shi ne tafiya Litinin da safe, dawowa Juma'a, su kama ɗaki a Kubwa ko su haɗa da abokin aiki. Jirgin yana tsayawa a Kubwa kafin Idu, saboda haka ka duba wacce ta fi kusa da masaukinka. Tikiti ta intanet ake saye, da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma na Litinin da Juma'a su ke fara ƙarewa, kada ka bari sai ranar tafiya. Jadawalin yana canzawa, kuma akan dakatar da jirgin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wata takwas bayan harin Maris 2022. Don haka ka riƙe direba ko tashar mota da ka yarda da ita, ka kuma yi tafiyar hanya da rana.

Injiniyan gini:
Ranka ya daɗe, ni gidan ne ya fi damuna. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 aka ware wannan ɓangare na gari wa manyan ma'aikata, shi ya sa filayen ke da faɗi, titunan ke da inuwa. Gidan Sardauna, wanda yanzu ake kira Arewa House, yana nan kan titin Rabah. Gidajen wancan zamani bangonsu yana da ƙwari, ba na jayayya. Abin da ke cikin bangon da kan rufin ne ke cin kuɗi.

Fara da famfo. Idan bututun ƙarfe ne na da, tsatsa ta toshe cikinsa, shi ya sa za ka ga ruwa na zuwa ja-ja kuma ba ƙarfi. Faci ba ya magani, a cire duka a sa na roba irin PPR. Wayarin kuma a kira mai aikin lantarki ya buɗe allon rarraba wuta ya gani. Yawancin tsofaffin gidajen ba a yi su don na'urar sanyaya ɗaki da hita ba. Fitilu waya mai milimita 1.5, soket 2.5, na'urar sanyi da hitar wanka 4, kowanne da nasa layin, sannan a kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa. In ba haka ba waya na zafi a cikin silin, kuma daga nan gobara ke tashi.

A hau cikin rufin da tocila a soki katakon da sukudireba. Idan ya shige ba wahala, gara ta gama da shi. Idan rufin ko silin na asbestos ne, kada leburori su farfasa shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa shi, a sauke shi ɗaya-ɗaya, masu aikin su rufe hanci da baki.

Mangwaron da ya burge ka, ka auna tazararsa da gini. Wanda bai kai mita biyar daga bango ko sokawe ba, saiwarsa ce ke fasa su. Ka kuma je gidan a Agusta ko Satumba in da hali, don layukan da suka gangara wajen kogin Kaduna suna shan ruwa idan ya cika. Alamar laima a ƙasan katanga da sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa sun ishe ka bayani.

Ruwan gwamnati ba a dogara da shi shi kaɗai. Ƙarƙashin Kaduna dutse ne, ruwa na zama a tsagoginsa, saboda haka a yi awon ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Tanki mai lita 2,000 zai riƙe gida mai mutum shida kwana uku, idan aka ɗora shi a hasumiya mai tsawon mita shida ruwan zai sauko da ƙarfinsa.

Hajiya lauya:
Alhaji, kada kwabo ya fita sai lauyanka ya je KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kaduna, ya yi binciken fayil ɗin gidan. A tabbatar sunan da ke kan takardar mallaka shi ne na mai sayarwa, ba a jinginar da gidan a banki ba, kuma babu bashin kuɗin ƙasa da ya taru. A duba shekarun da suka rage a takardar, don wa'adi gare ta. Gidajen GRA da yawa yanzu na magada ne. Idan haka ne, a nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu. Ɗan'uwa guda da aka tsallake zai iya tsayar da kai a kotu shekaru. Bayan ciniki kuma sai an nemi amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, kafin gidan ya koma sunanka.

Idan Hajiyarka na da niyyar mayar da ɗakunan baya shago ko makarantar yara, ko kai ka raba filin ka yi gidajen haya, sai da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Shawarata dai ka karɓi haya ta shekara guda tukuna, a rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki nauyin rufi da wayarin da sokawe.

Mai aikin sola:
Ƙari kaɗan, Yallabai. Ka tambayi maƙwabta rukunin da layin wutarsu yake. Rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, amma kuɗinsa ya yi tsalle tun Afrilun 2024. A duba mitar ko da tsohon bashi a kanta. Tunda kwana huɗu ba ka gida, ka sa wa iyali inbata mai 5kVA, batir mai 10kWh da faranti takwas masu wat 550, za su ɗauki fitilu, fanka, firji da injin tura ruwa da rana. Lokacin hunturu a wanke farantan duk mako, da sassafe kafin su ɗauki zafi.