Fitilar gaban Hilux ta ƙi kawowa: abin da masu rewaya suka ce

To jama'a ga abin da na tsinta daga bayanan da masu rewaya suka yi kan matsalar fitilar gaban Hilux da ta ƙi kawowa. Kusan kowa ya yarda in fitila ɗaya ce ta mutu a fara duba ƙwai da soket, amma in duka biyun suka ɗauke lokaci guda sai a nufi fiyus da rilai (ɗan makunnin da ke sakar wa fitilun wuta), sannan suwic ɗin jikin sitiyari.

Wani tsohon hannu ya dage kan wayar as (earth, wadda ke haɗa fitila da ƙarfen jikin mota), wai in haske ya yi jaja-jaja ko yana ƙifce-ƙifce idan an shiga gargada, a kwance notin da ya ɗaure wayar a jikin mota a kankare tsatsar a mayar, sau da yawa shikenan. Ni ma nan na fi karkata gaskiya.

In ƙwai na yawan ƙonewa a sa mita kan batir injin na aiki, wajen volt 14 ya kamata a gani, in ya haura 15 altanato (na'urar da ke cajin batir) ke cinye su. Masu sa ƙwan wat 100 a gurbin ƙwai samfurin H4 mai wat 60/55 kuwa an yi musu faɗa, domin soket yake narkarwa. Kuma don Allah a daina naɗa waya a madadin fiyus, mota na iya kamawa da wuta.